Muna so mu gyara tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garinmu da aikin gayya: ta ina za mu fara?

Ɗan Tasha, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jirgin ƙasa, da waɗanda suka san gyaran tsofaffin gine-gine, a kan wani aiki da muka ƙudura niyyar yi, ni da abokaina goma sha ɗaya.

Garinmu yana kan layin dogon da ya tashi daga Gombe ya nufi Bajoga, kuma a bakin garin akwai wata 'yar ƙaramar tasha wadda ta yi shekaru ba a buɗe ƙofarta ba. Ɗaki uku ne da doguwar baranda mai kallon layi, sai sito a gefe, sai taragun kaya guda biyu da aka ajiye a kan wani guntun layi tun ban gama firamare ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan layi ne, kuma a wannan baranda nake kai masa abincin rana ina yaro, in zauna a kan benci ina jiran ya ɓullo daga nesa da doguwar gudumarsa a kafaɗa. Da na koma wurin bayan babbar sallah, sai na tarar babu bencin, iska ta yaye kwano uku daga rufin, ruwa ya zana baƙin tabo a bangon ɗakin tsakiya tun daga sama har ƙasa, gara kuma ta hau katakon ƙofa ta yi gini. Amma tagar sayar da tikiti tana nan da sandunan ƙarfenta, katakon da ke gabanta ya lotsa ya yi sulɓi a daidai inda mutane suke ɗora hannu su miƙa kuɗi. Na daɗe a tsaye hannuna a kan wannan katako, kuma a nan ne na ji ba zan iya zuba ido ginin ya zube ba.

A cikinmu akwai kafinta, da magini, da masu walda biyu, sauran kuwa malaman makaranta ne da 'yan kasuwa. Mun yi karo-karo mun tara naira 180,000. Shirinmu shi ne da zarar an gama kaka mu sayi fenti mu shafe ginin ciki da waje, mu goge taragun nan da sanfefa mu yi musu koren fenti, sannan mu mayar da ɗaya daga cikinsu ɗakin karatu na yara. Sai dai wani dattijo a unguwarmu ya ja mana kunne, ya ce idan muka taɓa ko da ƙusa ɗaya za a iya kama mu. Shin haka ne? Idan kuwa akwai hanyar samun izini, wane aiki ya kamata ya zo farko, ganin cewa kuɗinmu kaɗan ne? Kuma an taɓa yin irin wannan aiki na sa kai a wani wuri ya ɗore?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe, Bauchi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu da muka yi aiki a cikin tasha mun san cewa leburorin layi su ne suka riƙe jirgi, domin su ne suke taka layi da ƙafa tun da asuba, suna ƙwanƙwasa ƙarfe suna sauraron wanda ya saki.

Ka fara sanin abin da kake son gyarawa. Wannan layi naku ba na farkon zamanin Turawa ba ne, kamar na Kano da ya isa can a 1911. An fara shimfiɗa shi daga Kuru, kusa da Jos, a 1958, da bashin dala miliyan 28 da aka karɓo daga Bankin Duniya. Ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya dire a Maiduguri a 1964. Ke nan aikin zamanin gwamnatin marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda shi kansa ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firaminista a 1957. A kan layin nan aka yi ta ɗaukar gyaɗa da auduga da shanu zuwa kudu, daga baya siminti ya biyo baya da aka kafa kamfanin Ashaka. Idan za ku rubuta takarda, ku sa wannan tarihi a ciki, domin mai karantawa ya gane cewa kun san darajar abin da kuke magana a kai.

Dattijon da ya ja muku kunne ya yi gaskiya. Ginin nan, da filin da yake kai, da taragun, har da noti mai tsatsa da ke yashe a cikin ciyawa, duk mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma daɗewar abu a yashe ba ta mayar da shi na kowa. Ga shi kuma satar ƙarafan layi ta yi yawa a 'yan shekarun nan, ta yadda duk wanda aka gani da guduma ko injin walda a kusa da tarago, abin da zai fara zuwa zuciyar mai gadi shi ne ɗan jari bola. Na taɓa zuwa belin wasu samari huɗu, 'ya'yan abokan aikina, waɗanda suka je share wata tasha da kyakkyawar niyya, suka tattara guntayen ƙarafa a baro don su kawar da su daga hanya. Sun kwana a tsare kafin a fahimci lamarin, kuma daga ranar babu wanda ya sake komawa wurin. Abin da ya rasa musu takarda ce kawai.

Saboda haka ku rubuta wa hukumar ta hannun ofishinta mafi kusa da ku, takardar ta bi ta wurin dagaci da hakimi su sa hannu. Ku faɗi aikin da za ku yi ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta ƙarara cewa ba za ku fitar da komai daga wurin ba, ba kuma za ku yi iƙirarin mallaka ba ko bayan an gama, sannan ku roƙi a turo ma'aikaci ya tsaya a ranar da za a ƙirga kayan da ke wurin. Ku nemi tsofaffin ma'aikata 'yan fansho guda biyu ko uku su raka ku, domin sun san ƙofar da ake bi, kuma ana jin nauyinsu. Amsa tana iya ɗaukar watanni, kada ku gaji da bibiya, kada kuma ku fara aiki a kan izinin baki.

Ranar ƙirgar, ka durƙusa ka duba gefen ƙarfen da ke ɗauke da jikin tarago, a saman ƙafafu. Sau da yawa za ka ga wani ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi da shekarar ƙira, idan ɓarayi ba su riga ku ba. Shi ma layin, idan ka goge gefensa da tsumma, za ka ga sunan masana'anta da shekara a jikinsa. A cikin ɗakuna kuwa ku nemi akwatin jera tikitin kwali, da fitilar sigina mai jan gilashi da kore, da sikelin auna kaya, da kowane littafin rajista ko da gara ta ci rabinsa. Abu na ƙarshe, ɗana, kuma wannan maganar rai ce: kada ku tura taragun nan, kada ku ɗaga su da jak, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsu sai an kafe ƙafafun da katako gaba da baya. Birkin da ya yi shekaru a ajiye ba abin dogaro ba ne, tarago kuma idan ya motsa ba a tare shi da hannu.

Injiniyar Gini, Gombe

Malam, sannu da wannan niyya. Ina tare da Baba a kan duk abin da ya faɗa, zan ƙara ne kawai a ɓangaren da nake aiki a kai. Shawarata ita ce kada ku sayi fenti ko gwangwani ɗaya a bana.

Ruwa shi ne yake kashe gini, kuma baƙin tabon da ka gani a bangon ɗakin tsakiya yana gaya maka inda ciwon yake. Ruwan da ke shiga ta gurbin kwano ukun nan yana jiƙa katakon rufi, katako mai laima yana kiran gara, bangon da ya sha ruwa kuma yana tofar da duk fentin da aka shafa masa kafin damina ta zagayo. Don haka kuɗinku na rufi ne. Kafintanku ya hau da tsani mai kyau ya soki kowane katako da tsinin sukuddireba; wanda tsinin ya nutse a cikinsa ya mutu, wanda ya ƙi shiga kuwa a bar shi, domin katakon wancan zamani sau da yawa ya fi abin da za ku samu a kasuwa yau. Inda gefe ɗaya ne kawai ya ruɓe, a yanke ruɓaɓɓen a yi masa ƙari, ba sai an tsige shi duka ba. Bayan rufi sai a duba ƙasa: a kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, a buɗe magudanar ruwa, a bi hanyar garar har zuwa gidanta, don kankare ginin da ta yi a ƙofa kaɗai ba ya korar ta.

Akwai haɗari biyu da ba a gani da ido. Gine-ginen gwamnati da yawa na shekarun 1960 an yi musu silin, wani lokaci har da rufi, da allunan asbestos, waɗanda suke kama da siminti mai launin toka. Muddin allon yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma idan aka fasa shi, ko aka yanka, ko aka share ɓaraguzansa a bushe, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, kuma cutar da take haifarwa ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Idan kun ga irinsa, kada ku taɓa, ku nemi wanda ya san aikin ya duba tukuna. Na biyu shi ne tsohon fenti, musamman na jikin ƙarfe, wanda galibi akwai dalma a cikinsa. Dukanmu mun tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Shirinku na goge taragu da sanfefa a bushe, a lokacin hunturu da iska ke kwasar ƙura zuwa cikin gari, shi ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. Idan lokacin ya yi, a jiƙa wurin kafin a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa a tattara abin da ya zubo, masu aiki su rufe hanci da takunkumi na gaske, yara kuma kada su matso.

Su taragun, abin da suke buƙata yanzu kaɗan ne. A share ƙasa da kashin awaki da suka taru a cikinsu, saboda su ne suke riƙe laima su cinye daɓen, a toshe inda rufinsu ke yoyo, a sa giris a maratayin ƙofofi. Ku yi hattara da zuma da macizai a ranar farko. Idan aka zo gyaran gaske, ana cire tsatsa ne da burushin waya har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, kafin a yi maganar launi. Fentin da aka shafa a kan tsatsa ado ne na wata shida. Game da kore kuwa, me ya sa kore? Ku sami wani lungu da rana ba ta bugu ba, ku kankare wuri kamar faɗin tafin hannu a hankali da reza, za ku ga launukan da aka yi ta shafawa a jere, na ƙasa shi ne na asali. Haka za ku yi wa bango da ƙofofi. Shi kuwa katakon tagar tikiti da ya lotsa, ina roƙonka kada kowa ya goge shi ko ya musanya shi da sabo. A wanke shi kawai a shafa masa mai.

A kan ɗakin karatu a cikin tarago, ban goyi baya ba. Ka tuna zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, sannan ka ɗauka yaro ne zaune a cikin akwatin ƙarfe da tsakar rana. Barandar da ɗaki ɗaya sun fi dacewa, idan masu wurin sun amince. Kafin ku taɓa komai, ku ɗauki hoton kowane bango da kowace kusurwa, ku auna ku rubuta.

Malamin Tarihi, Bauchi

Ɗan'uwa, tambayarka ta uku ce zan amsa: an yi, kuma ya ɗore. A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ƙaramin layi mai suna Talyllyn, wanda masu sa kai suka karɓi ragamarsa a 1951 lokacin da yake gab da mutuwa, kuma shi ake ɗauka a matsayin layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto. Har yau jirgi yana tafiya a kansa. Amma misalan da suka fi kusa da halinmu suna nan Afirka ta Yamma. A Saliyo an rufe layin dogo gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 1970, wasu injuna da taragu suka tsira a cikin tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Cline Town a Freetown, suka kwashe kusan shekara talatin a can har da lokacin yaƙin basasa, daga baya aka tsabtace su aka gyara, aka buɗe gidan tarihi a 2005. A Legas kuma akwai Jaekel House a harabar reluwe ta Ebute Metta, gidan da aka gina a 1898, wanda ƙungiyar sa kai ta Legacy 1995 ta gyara tare da haɗin kan hukumar jiragen ƙasa, ya zama ƙaramin gidan tarihi a 2010. Wannan na ƙarshe ku ambace shi a takardarku, domin yana nuna cewa abin da kuke roƙo an taɓa ba wasu.

Idan kun sami hali ku je gidan tarihi na Jos ku ga abin da ya rage na ƙaramin jirgin da ake kira Bauchi Light Railway. Mutane da yawa suna zaton ya zo garin Bauchi, alhali tsakanin Zariya da Jos da Bukuru ya yi aiki, yana ɗaukar kuza, a kan siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi, har aka rufe shi a 1957. Naku layin faɗinsa ƙafa uku da rabi ne. Abin lura shi ne, daga dukan wancan layi, ɗan abin da aka ɗauka aka killace da gangan shi ne ake iya nuna wa yara a yau.

Inda nake da ɗan saɓani da Injiniya shi ne a kan abin da ya fi gaggawa. Rufi yana jiran takardar izini, amma akwai aikin da ba ya buƙatar izinin kowa, kuma shi ne wanda lokaci ya fi ƙure masa. Wanda ya ga isowar jirgin farko Gombe yana saurayi, yau ya ba shekara saba'in da biyar baya. Ku ɗauki waya ku zauna da tsofaffin leburori, da matan da suka sayar da abinci a bakin tasha, da fataken da suka yi lodin shanu, ku naɗi muryarsu: ƙarfe nawa jirgi yake isowa, nawa ne kuɗin zuwa Bauchi, wane ne yake kunna fitilar sigina da magariba. Su ne za su gaya muku amfanin kowane ɗaki.

Sannan ku yi tambaya biyu tun yanzu. A watan Maris na 2021 an ƙaddamar da aikin sake gyara layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda tasharku take kai, don haka ku tambayi hukumar ko tana da wani shiri a kan ginin, kada ku zuba guminku a abin da za a sauya. Ta biyu kuma tsakaninku ce: bayan an gama, wa zai riƙe makulli, wa zai share, wa zai sayi kwano idan iska ta sake yayewa? Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, saboda haka ba laifi ku sanar da ma'aikatar da ke kula da al'adu ta jiha, da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ko da shawara kawai za su bayar.

Ɗan Tasha, Gombe

Baba, Injiniya, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa abokaina amsoshinku a zamanmu na daren Juma'a, kuma mun janye maganar fenti da sanfefa. Kuɗin za su zauna a hannun ma'ajinmu har takarda ta fito, sannan su tafi rufi.

Jiya mun je wurin ni da kafintanmu, ba mu ɗauki komai ba sai waya da littafi. Mun leƙa ta taga mun ga silin ɗin ɗakin tsakiya allo ne mai launin toka, wani ɓangarensa ya faɗo ya farfashe a ƙasa, don haka babu mai shiga ɗakin sai an duba shi kamar yadda Injiniya ta ce. A tarago na farko farantin da Baba ya kwatanta babu shi, sai ramukan ƙusoshinsa huɗu. A na biyu yana nan, amma datti da tsatsa sun rufe rubutun, kuma mun bar shi yadda yake mun ɗauki hoto. Dagaci ya karɓe mu da kyau, ya ce zai kai mu wurin hakimi ranar Litinin. Ya kuma tuna mana da wani abokin aikin mahaifina da yake raye a ƙauyen gaba, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau, kuma gobe bayan la'asar zan je in gaishe shi in naɗi hirarsa.

Baba, idan babu takura, zan turo maka daftarin takardar ka duba mana kafin mu kai wa hakimi, musamman wurin da za mu roƙi a turo ma'aikaci ranar ƙirgar kaya, domin ba mu san yadda ake jera irin wannan magana a ofishinku ba.